Ɗigon Man Mai Makulli

Shafi na 17

Sannunku da jira. Masu cewa ina jan ƙafa ku yafe ni, hannuna ba mai gudu ba ne, wayar ma sai na lallaɓa ta. Na ga faɗan da kuka yi a ƙasan shafin da ya wuce, wasu na cewa a kama Dogo, wasu na cewa duk wanda ya taɓa shi ba su yafe ba. Ni dai ba zan raba ku ba, don ni ma ban san inda na tsaya ba.

*

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na yamma. Hadari ya haɗu tun azahar amma ya ƙi sauka. Gari ya yi duhu-duhu, iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi.

Dogo mai makulli ya rufe rumfarsa da wuri, ya shigo gida da jakar aiki a kafaɗa. A hankali ya yi sallama, amma Baba ya ji shi. Tun da idon Baba ya rufe, ba abin da ke wuce kunnensa.

"Yau da wuri."

"Hadari ne, Baba."

"Hadari," in ji Baba. "To. Ajiye jakar nan kusa da ni, kada ka kai ta ɗaki."

Dogo ya ɗan tsaya. Sannan ya ajiye ta a gefen kujerar.

Littafin yana inda yake kullum, a kan taga, an danne shi da wani tsohon kwaɗo da ya daina aiki. Bangonsa ya yage, wani ya taɓa zubar masa da shayi. Wurin mai tsofaffin littattafai na bakin tasha Dogo ke samo su, kuma iri ɗaya Baba yake so, na masu laifi da masu bin sawunsu. In aka fara masa na soyayya barci yake yi. Dogo bai yi nisa a makaranta ba, karatunsa a hankali ne, da yatsa a kan layi. Baba ya ce haka ya fi masa, shi ba sauri yake ba.

Auta, ƙanwar Dogo, ta leƙo daga kicin da wuƙa a hannu.

"Ku dai ku yi ta wahalar da kanku. Ni na san yadda aka ƙare."

"Kin leƙa ƙarshe," in ji Baba.

"Sau ɗaya. Da ido ɗaya ma."

"Ɓarauniya. A gidan masu makulli aka haifi ɓarauniya."

Auta ta tuntsire da dariya. Dogo bai yi ba. Ya sunkuya yana neman shafin da suka tsaya.

"To Baba, mene ne na jan rai?" in ji Auta. "Direban motar asibitin ne ya kwashe maganin, kowa ya sani. A kama shi kowa ya huta."

"Ai ni ma tun farko na san shi ne. Mai littafin ma bai ɓoye ba. Ke a ganinki don in san wa ya yi nake zaunar da yayanki kullum?"

"To don me?"

"Don in ga yadda zai ci abinci bayan ya yi."

"Kai Baba!"

"Da gaske nake. Mai laifin da aka nuna min daga nesa, da baƙar riga da wuƙa, ba ruwana da shi, a kama shi ko a bar shi. Amma wannan har ɗakinsa aka shigar da ni. Na gan shi yana yanke wa uwarsa farce. Na san yana tsoron kare. Na san ƙafarsa ta hagu tana ciwo in an yi sanyi. Yanzu in an buga masa ƙofa, gabana ne ke faɗuwa. Ina so a kama shi, kuma ba na so a kama shi. Wannan zaman na tsakiya, shi ne daɗin."

"Tausayin ɓarayi dai."

"Ba tausayin ɓarayi ba ne, 'yar nan. Sanin mutum ne. In kika san mutum kin shiga uku."

"Ni dai ɗan sandan nake so, mai ciwon cikin nan."

"Shi ma don ciwon cikin kike sonsa. Da lafiyarsa ƙalau da kin manta da shi. Koma bakin aikinki, wani abu na ƙonewa."

Ta ruga da gudu.

"Bismillah," in ji Baba. Ya jingina, ya ɗora hannuwa a kan ciki.

Dogo ya fara. Direban ya dawo gida da yamma. 'Yarsa ta kawo masa ruwa a kofi, ya karɓa ya riƙe bai sha ba. Matarsa tana ba shi labarin tsadar kasuwa, yana gyaɗa kai, kunnensa yana bakin ƙofa.

Dogo ya kai ƙarshen shafi. Ya juya. Idonsa ya sauka a layin farko, yatsansa ya tsaya.

Ya sake juyawa, ya ci gaba daga can.

"Ka tsallake."

"Ban tsallake ba, Baba."

"Na ji ƙarar takarda sau biyu."

"Haɗewa suka yi."

Sai ga ruwa. Kamar an kwance shi lokaci ɗaya, ya sauko a kan rufin kwano har mutum ba ya jin na kusa da shi sai ya matso.

Baba ya ɗaga murya.

"Auta! Ɗakin ciki yana yoyo. Je ki tara robobi, ki janye katifa daga jikin bango. Ki ja mana ƙofar nan, iska na shigowa."

Ba iskar da ke shigowa ta nan. Amma ta ja ƙofar ta wuce.

"Rufe littafin."

"Ba mu gama babin ba."

"Matso da kujerarka."

Dogo ya matso har gwiwarsu ta kusa haɗuwa.

"Me aka ce a inda ka tsallake?"

Dogo ya kau da kai.

"Ina jinka."

"An kama mai sharar asibitin. An ce shi ne." Ya shafa bangon littafin. "Matarsa ta zo gidan direban tana kuka."

"Sai ka kasa karantawa."

"Idona ne ya yi yaji."

"Idonka."

Baba ya murza yatsunsa.

"Da safe bayan ka fita, Maman Biyu ta zo."

Maman Biyu matar Kawu mai gadi ce, ɗakinsu yana ƙarshen layi. Kawu shi ke gadin siton kayan lantarkin da aka kwashe makon jiya, kuma tun ranar yana tsare a caji ofis.

"Gobe za a kai shi kotu," in ji Baba.

"Na ji."

"Ka ji abin da ya sa suka ce shi ne?"

Dogo ya dubi ƙasa.

"Ba a fasa kwaɗon siton ba. Ba a yanke shi ba, ko ƙwarzane babu. An buɗe shi lafiya lau, an mayar an rufe. Makullinsa biyu ne, ɗaya a hannun mai sito, ɗaya a ƙugun Kawu. To wa kake so su kama?"

"Masu buɗe kwaɗo suna da yawa a garin nan, Baba."

"Suna da yawa. Wasu ma a hannuna suka koya. Ban gama ba."

Ruwa ya ƙara ƙarfi. Baba ya sunkuyo.

"Ta ce mai siton ya gaya wa 'yan sanda, kwaɗon nan ya daɗe yana ba shi wahala, sai ya sa hannu biyu yake juya shi. Ranar da safe yana sa makulli ya juya kamar ba shi ba. An ɗiga masa mai. An goge shi tas. 'Yan sanda suka ce Kawu ne ya sa man don kada ya yi ƙara. Suka kira ta, suka miƙa mata kwaɗon, wai ta shinshina ko ta san man a ɗakinta."

Dogo ya daina motsi.

"Tana zaune a nan inda kake, tana kuka. Ta ce, Baba, mu da ko na girki sai mun auna, ina mijina zai samu mai mai ƙanshin kanumfari?"

Littafin ya zame daga cinyar Dogo ya faɗi ƙasa. Ba wanda ya ɗauka.

"Miƙo min jakar."

"Baba..."

"Miƙo."

Ya miƙa. Hannun Baba bai yi lalube ba, don jakarsa ce tun kafin ta zama ta Dogo. Ya wuce magagari, ya wuce daurin siraran ƙarafa, ya shiga ƙaramin aljihun gefe ya zaro 'yar kwalba mai dogon baki, da tsumma a naɗe a wuyanta. Ya ɗan sassauta murfin, ya kai hanci, ya mayar ya ɗaure.

Man keken ɗinki ne, ba wani abu ba. Lokacin da mahaifiyarsu, Allah ya ji ƙanta, take da cikin Dogo, warin man yana tayar mata da zuciya in Baba ya dawo aiki. Sai ya riƙa jefa kanumfari a kwalbar. An haifi Dogo, an haifi Auta, ita ta tafi, kanumfarin bai fita daga kwalba ba.

"Mutum nawa ke amfani da wannan?"

"Biyu."

"Ɗaya makaho ne. Saura wa?"

Dogo ya rufe fuska da hannu.

"Ranar da na fara ba ka ƙarfe a hannu, me na ce maka?"

"Baba, don Allah."

"Me na ce maka?"

"Ka ce kwaɗon da aka buɗe ba da makullinsa ba, an shiga haƙƙinsa. Kada in tafi ban ba shi haƙuri ba."

"Da me?"

"In ɗiga masa mai. In goge shi."

"Sai ka tsaya a tsakiyar ɓarayi kana ba kwaɗo haƙuri."

Nan kukan ya ƙwace masa. Ba mai ƙara ba, irin wanda kafaɗa ce kawai ke rawa.

"Wallahi ban san na yi ba. Sai da na dawo gida na ga tsumman a jiƙe. Hannuna ne, Baba. Hannuna ne ya yi."

Baba bai taɓa shi ba, bai kuma janye ba.

"Faɗa min tun daga farko. A hankali, yadda kake min karatu."

Dogo ya share hanci da bayan hannu.

"Su biyu suka zo rumfa. Suka ce maigidansu ya yar da makullin sito, kuma da sassafe motar kaya za ta zo. Ban kawo komai ba. Da asuba suka ɗauke ni a mota. Muna tsayawa na ga inda ne. Na ce ai nan wurin Kawu ne, mu jira shi, makulli yana hannunsa."

"Yana ina?"

"Wurin mai shayi na kwana. Ka san kullum yakan je ya ɗan ɗumama cikinsa kafin gari ya waye. Sun san lokacin. Sun san komai."

"Sai?"

"Sai ɗaya ya ciro waya ya nuna min."

Ya waiga ƙofar ɗakin ciki. Ana jin Auta can tana jan katifa, tana 'yar waƙarta.

"Hotonta ne. A lungun bayan gareji, inda take bi in za ta shagon ɗinki. Da shuɗin mayafinta. Wani hoton a bakin famfo. Wani a ƙofar gidan nan. Ya ce ƙanwarka akwai ladabi, kullum sai ta gaishe mu. Ɗayan kuma ya ɗage rigarsa na ga abin da ke ƙugunsa."

Hannun Baba ya matse kwalbar.

"Na durƙusa na buɗe. Ka san tunanin da nake yi lokacin? Na ce bari in buɗe da kyau, ko ba komai mai siton ba zai yi asarar kwaɗo ba a kan asarar kaya. Ka ji fa. Tunanina ke nan. Da guduma na sa na farfasa shi, da yanzu Kawu yana gida da 'ya'yansa."

"Da yana gida," in ji Baba a hankali.

"Kyautatawata ce ta ɗaure shi."

Ruwa ya fara ɗiga ta kusurwar rufi, ɗis, ɗis, a kan siminti.

"Ka san fuskarsu?"

"Ɗaya. Kullum sai ya wuce ta gaban rumfa a kan babur. Ya ɗaga min hannu. Yau ma ya wuce, ya ce a gaida mutanen gida."

"Me suka ce in ka yi magana?"

"Sun ce ba ni za su taɓa ba."

"Mu tura ta wurin gwaggonta."

"Sun faɗa min launin ƙofar gidan Gwaggo."

"A hana ta fita."

"Har yaushe? Kuma mu ce mata me?"

"Ka je wurin babban ɗan sanda, ba na bakin kanta ba. Ka roƙe shi a ɓoye."

"In aka kama ɗaya, saura fa? Ban san su nawa ba ne. Direban motar ma ban ga fuskarsa ba. Ni za a tsare, su suna waje. Wa zai raka ta shago? Kai?"

Maganar ta fita kafin ya kama ta.

"Ka yafe ni, Baba."

"Gaskiya ka faɗa."

Dogo ya sauko daga kujera ya durƙusa, ya riƙe gwiwar mahaifinsa kamar yadda yake yi yana ƙarami.

"Ka faɗa min abin da zan yi. Duk wanda ka ce shi zan yi. Kullum kai ke faɗin ƙarshe tun ba mu kai rabi ba."

"A littafi."

"Baba."

"A littafi, Dogo. In abu ya yi min nauyi sai in ce ka rufe, mu ci gaba gobe. Direban yana nan cikin takarda yana jirana. Ba ya jin yunwa, sauro ba ya cizonsa. Kawu kuwa a kan siminti yake kwana, da ciwon bayan nan nasa. Wannan wa zan ce ya rufe?"

Ya juya kwalbar a hannunsa.

"Ɗazu na ce wa Auta ina son in ga yadda mai laifi ke cin abinci. Tun makon jiya nake jin cokalinka yana yawo a kwano, ba ya zuwa baki. Ina jinka kana juyi a kan gado. In babur ya tsaya a waje numfashinka sai ya ɗauke. Na ce ko soyayya ce, har ina murna. Ashe abin da nake biɗa a littafi ne ya zo ya zauna a gabana." Ya girgiza kai. "Ba daɗi. Ashe daɗinsa don ɗan wani ne."

"Ka tsine min ma, na yarda."

"In tsine maka a kan me? Ka ji tsoro a kan 'yar uwarka. Ka ba kwaɗo haƙuri don ni na ce. Ta ina zan kama ka? Da ban san ka ba, da tuni na ce a ɗaure."

Ya laluba ya samu kan Dogo, ya ɗora tafinsa.

"In na ce ka je, na ba da kai, wataƙila na ba da Auta. In na ce ka zauna, na ba da Kawu. Mutumin da ya riƙe min hannu ya kai ni asibiti ranar da idona ya tafi, ya zauna da ni har kuka zo. Na daɗe a cikin duhu, ɗana, amma ban taɓa jin irin na yau ba. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Aka buga ƙofar waje.

Dogo ya zabura har ya ture kujera.

Aka sake bugawa, a hankali wannan karon.

Auta ta fito da roba a hannu, ta dubi yayanta, ta dubi Baba.

"Lafiya? Yaya, me ya samu idonka?"

"Labarin ne," in ji Baba. "Duba wane ne."

Ta buɗe.

"Maman Biyu ce! Mama shigo, kin jiƙe sharkaf."

"A'a 'yata, ba zan shigo ba, kada in ɓata muku ɗaki." Ta tsaya a bakin ƙofa, ta yafa buhun leda a ka, ruwa yana bin gefen fuskarta. "Baba, ka yi haƙuri, na sake dawowa. Dogo na ga wucewarsa, shi na zo nema."

Dogo ya matso bakin ƙofa.

"Ga ni, Mama."

"Ɗana, taimako za ka yi min. Duk makullan Kawunka suna hannun 'yan sanda, wai shaida ne. Akwatinsa na ƙarfe kuwa a kulle yake, farar rigarsa mai kyau tana ciki. Ba na so gobe ya tsaya gaban alƙali da rigar da aka kama shi da ita. Ko me za su yi masa, su gan shi dai da mutuncinsa."

Ta gyara ledar.

"Na ɗauki dutse zan fasa, sai na tuna akwatin mahaifiyarsa ne. In ya dawo ya tarar na fasa..." Ta share ruwa daga fuskarta. "In ya dawo."

"Zai dawo, Mama," in ji Auta. "Kowa ya san Kawu. Allah ya tona asirin waɗanda suka yi wannan abu."

"Amin, 'yata. Amin."

Baba bai ce amin ba. Dogo ma bai ce ba.

"Na san ana ruwa," in ji Maman Biyu. "Amma ina so in wanke ta ta kwana tana shan iska, in goge da safe. Ba wanda na yarda ya taɓa akwatin nan sai kai. Kawunka kullum yana cewa, yaron nan hannunsa akwai tausayi."

"Mu je," in ji Dogo. Muryarsa ta fito kamar ta wani.

Ya sunkuya ya ɗauki jakar.

Kwalbar tana hannun Baba. Ya buɗe tafinsa a kan gwiwa, tana kwance a kai. Bai miƙo ta ba. Bai kuma rufe hannun ba. Fuskarsa tana kallon bango.

Dogo ya tsaya a kansa.

"Yaya, tana jira," in ji Auta.

Ya ɗauki kwalbar ya sa a aljihun gefe. Jakar ba ta taɓa fita ba ita ba.

Suka bi layi, ruwa yana gudu a kwata har yana hawowa hanya. Tana gaba yana baya. Tana ta magana, lauyan da aka ce za a ba su bai zo ba, mai siton ya ƙi ganinta, maƙwabta sun fara janye yaransu daga wasa da nata. Dogo yana cewa to, to. A bakin gareji ya waiga. Ba kowa, sai wani babur da aka jingina a ƙarƙashin rumfa.

Ɗakin ɗaya ne, labule ya raba shi biyu. Takalmin aikin Kawu yana bayan ƙofa, da tocilarsa a rataye a ƙusa. Tagwayen suna zaune a tabarma sun lulluɓa da zane ɗaya. Da suka gan shi suka miƙe.

"Yaya Dogo!"

"Ku matsa ku ba shi wuri," in ji uwarsu.

Ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Kore ne, fentin ya ɓaɓɓare, da ɗan ƙaramin kwaɗo da tsatsa ta ci bakinsa.

Dogo ya durƙusa. Ya zaro siraran ƙarafa biyu, ya sa ɗaya a ƙasa ya danne, ya zura ɗayan.

Ɗaya daga cikin tagwayen ya matso har numfashinsa yana taɓa kunnen Dogo.

"Yaya Dogo, kai kowane kwaɗo ka iya buɗewa?"

"Kusan."

"Har na inda aka kulle Babanmu?"

Ƙarfen ya zame daga hannunsa ya faɗi.

"Kai, rufe min baki," in ji Maman Biyu. "Ka bar shi ya yi aikinsa."

Dogo ya ɗauka ya sake sawa. Ya rufe ido, ya saurara da yatsu yadda aka koya masa. Tsatsar ta yi gardama, ta yi gardama, sannan ta saki.

Ƙas.

Yaran suka yi tafi.

Maman Biyu ta ɗaga murfin. Rigar tana sama, a ninke, fara sol. Ta ɗauko ta da hannu biyu ta rungume a ƙirji, ta sa fuskarta a ciki.

Kwaɗon yana tafin hannun Dogo, a buɗe, bakinsa ja da tsatsa.

Aikin ya ƙare. Abin da ya rage ya ajiye shi a kan akwati ya miƙe ya tafi.

Ya dubi takalmin da ke bayan ƙofa. Ya dubi yaran.

Shi kansa bai san ko hannun ne ya riga shi ba, ko shi ne ya ƙyale hannun. Ya ga dai kwalbar a tsakanin yatsunsa. Ya kwance tsumman. Ɗigo ɗaya a ramin makulli, ɗigo ɗaya a wuyan ƙarfe. Ya juya shi, ya goge shi tas.

Ɗakin ƙarami ne, taga a rufe saboda ruwa.

Maman Biyu ta ɗago daga cikin rigar, idonta jiƙe, tana murmushi.

"Dogo, Allah ya yi maka..."

Ta tsaya.

Hancinta ya motsa.

Murmushin bai tafi lokaci ɗaya ba, a hankali ya riƙa sauka. Ta ajiye rigar a kan gado. Ta miƙo hannu, ya sa mata kwaɗon a ciki. Ta kai shi hancinta, ta daɗe.

"Ku je ɗakin maƙwabta," ta ce wa yaran, ba ta dube su ba.

"Mama, ana ruwa."

"Na ce ku je."

Suka fita suna waige.

Ta tura ƙofa, ta sa sakata, ta jingina bayanta a jiki.

Dogo yana nan a durƙushe, da tsumman a hannunsa.